Ɗayan da Na Karanta a Gaban Ƙauye

Kwana huɗu ban leƙo nan ba, kuma na ga saƙonninku. Masu tambayar ko an kawo gaisuwar Ioelu, da wadda ta ce wai na samu miji na manta da ƙawaye, duk na karanta. Ba a kawo komai ba. Kunya ce ta hana ni rubutu, yanzu ma da nake dannawa ji nake kamar in goge in ce muku wayata ce ta faɗa teku. Amma tun farko na yi muku alkawarin ba zan wanke kaina a labarin nan ba, to ku gyara zama ku ji abin da Fetuao ta aikata da hannunta.

Ga waɗanda yau suka shigo: ni ce auta a gidanmu, kwana biyu a mako nake hawa bas zuwa Apia, babban birninmu, ina taimaka wa wata ƙungiyar mata da ke yaƙi da dukan mata a gidajen aure. Ioelu malamin lissafi ne a firamaren ƙauyenmu, mahaifinsa kuma shi ne kakakin masu sarauta, wanda in ya dogara sandarsa ya miƙe, ko kaza ba ta tari. Mama tana son maganar aurenmu fiye da yadda ni nake sonta. Tun da ta ga na mayar da furena daga kunnen dama zuwa na hagu, alamar an riga an kama zuciyata, ta fara saƙar tabarmin biki, ba ta ko tambaye ni ba.

Wata biyu da suka wuce na je gaban dattawa da alƙaluman da aka tattara na ƙasa baki ɗaya, ina neman su kafa wa ƙauye doka kan dukan mata. Sun saurare ni da kyau, har da jinjina kai. Da na gama, Baban Ioelu ya yi murmushi ya ce, "'Yata, wannan ai halin mutanen birni ne. Mu nan kowa ya san gidan kowa, ba mu da irin wannan."

Na dawo gida ina huci. Ban ko cire takalmi ba saƙon Ioelu ya shigo.

"Malama Lissafi, an ce Baba ya kayar da ke da murmushi."

"Kar ka tsokane ni yau."

"To ji mana. Tsoffin nan ba sa jin lambar da ba ta san hanyar gidansu ba. Ki ƙirga musu na ƙauyensu."

Gaskiyarsa ce, kuma har yanzu ban janye ba. Ranar Laraba mata ke haɗuwa a zauren kwamiti suna saƙar tabarma, don haka na je da takardu da tsohon gwangwanin biskit, na rataya zane a kusurwa ya zama labule. Kowace mace ta shiga ita kaɗai, ta yi alama a takarda ko an dake ta bana, ko tana da ciki, da ɓangaren ƙauyen da take, ta naɗe ta jefa. Kafin a fara, na ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki a gabansu, na rantse babu suna, babu wanda zai taɓa gane takardar wa ce. Wata tsohuwa ta ce, "Ko ke?" Na ce ko ni. Suka yi ta zolayata wai 'yar Apia ta kawo musu zaɓe ba ɗan takara, amma suka shiga ɗaya bayan ɗaya, wasu suna fitowa da dariya, wasu ba su kalli kowa ba.

Mata hamsin da biyu suka jefa takarda. Talatin da ɗaya suka ce an dake su cikin shekarar nan.

Ranar da na ƙirga, sai da na fita bayan gida na zauna a gindin kwakwa, jikina ya yi sanyi. Waɗannan fa matan da muke waƙa tare ne a coci cikin fararen huluna. Amma bari in faɗa muku abin da ban so faɗa ba: kafin yamma sanyin jikin ya wuce, wani abu mai kama da daɗi ya maye gurbinsa. Na samu abin da zan rufe bakin Baban Ioelu da shi.

Ni da Ioelu muka zana babban jadawali a barandarmu, Mama tana kai-komo da shayin koko da dafaffen gwaza kamar mai gadin da ke son ɓarawo. Ƙauyenmu ɓangare biyu ne, Tai na bakin teku da Uta na cikin tudu inda gidanmu yake, sai muka raba kowace lamba gida biyu don kada wani ɓangare ya ce na ɗayan ne. Layin ƙarshe shi ne na masu ciki da aka daka. Tai, biyu. Uta, ɗaya.

A Apia an koya mana wani abu, an kuma maimaita har muka gaji: duk lambar da ba ta kai biyar ba, a haɗe ta da wata ko a cire ta, don a ƙaramin wuri ƙaramar lamba suna ce. Na tuna wannan sarai. Har na ce wa Ioelu, "Anya ba za mu cire layin nan ba?"

Ya ce, "Wannan? Ai shi ne zai karya musu zuciya. Wa zai ji mai ciki ya yi shiru?"

Ya kalle ni ta saman tabarau, irin kallon nan da ke sa ni manta sunana. Zan iya ɗora masa laifi, wasunku ma za su taya ni. Amma shi ba a koya masa ba, ni aka koya wa, kuma jan alƙalamin a hannuna yake.

A Tai masu ciki shida ne, biyu za su ɓace a cikinsu. A Uta kaf mace ɗaya ce ke da ciki bana, ita ce Sosefina, matar yayana Peni, wadda ɗakinta da namu taku ashirin ne.

Da farko na shirya in gaya muku ban lura ba, hankalina yana kan lissafi. Ƙarya ce. Na sani tun ba a yi takarda ba. Sau nawa na ji ƙarar abu daga ɗakinsu na ƙara muryar rediyo? Sau nawa ta fito da doguwar riga a tsakiyar zafi na ce mata, "Anti, yau kuma sanyi kike ji?" muka yi dariya? Ina tafiya Apia da jaka a kafaɗa ina koya wa matan wasu ƙauyuka yadda za su buɗe baki, a gidanmu kuwa bakina a ɗinke. Da na rubuta ɗayan nan, na ce wa kaina lamba ce kawai, don lamba ta fi sauƙin kallo a kan fuskar Sosefina.

Litinin aka yi taron. Na sa sabuwar puletasi koriya, riga da zane ɗinki ɗaya masu zanen ganye, na shafe gashina da man kwakwa na naɗe shi sama, na sa farin fure a kunne. Sosefina ce ma ta goge mini kayan da safe, tana cewa, "Ƙanwar miji, yau in surukinki ya gan ki sai ya manta jawabinsa."

Zauren ya cika. Masu sarauta kowa a jikin ginshiƙinsa, mu 'ya'yan ƙauye a gaba, matan da aka auro daga wasu garuruwa can baya wajen tukwane, inda suke tun ran da aka kawo su. Sosefina daga tsibirin Savai'i aka auro ta, shekara uku ke nan, kuma ba a taɓa jin muryarta a zauren nan ba sai dai "ga shayi".

Na miƙe na fara. Da na ce talatin da ɗaya cikin hamsin da biyu, wani dattijo ya ce in maimaita. Na maimaita. Mafitan hannu suka tsaya. Baban Ioelu ya daina murmushi, ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma. Na hango Ioelu a waje cikin samari ya ɗaga mini babban yatsa, kaina ya fashe, muryata ta ƙara tashi.

"Masu ciki da aka daka," na ce, har na bayan zaure suna ji. "Tai, biyu. Uta, ɗaya."

A daidai lokacin Sosefina tana durƙushe gaban matar fasto tana zuba mata shayi, cikinta na wata bakwai ya kusa taɓa tabarma. Ban ga wanda ya fara juyawa ba. Kai ɗaya, sai biyu, sai zauren gaba ɗaya. Ta ci gaba da zubawa har kofin ya cika ya malala cikin faranti, sai matar fasto ta riƙe mata hannu a hankali. Ta ajiye butar, ta ja da baya a kan gwiwa kamar yadda aka saba, ta fita. Daga nan idanun suka koma kan Yaya Peni a cikin samari.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Sauran takardar ban san yadda na karanta ba.

Kafin in iso gida Yaya Peni ya ɗauki addarsa ya hau gona can cikin tudu, inda yake da bukka, bai dawo ba. Mama na zaune a baranda ba ta ko cire hular taro ba.

"Sannu da aiki, Malama," ta ce. "Kin gama? Ko akwai sauran gidan da za ki tone?"

"Mama, ban faɗi suna ba."

"Dalla rufe mini baki! Da kin faɗi sunan ma ya fi mutunci. Yayanki fa, ciki ɗaya, shi ya goya ki zuwa makaranta ran da kogi ya cika. Kin san abin da masu sarauta ke yi in suka kama mutum da laifi a gabansu? Aladun gidan nan kaf za su tafi, in kuma ransu ya ɓaci su ce ya bar ƙauye. A bakin duniya kuma gidan wa za a riƙa nunawa? Mutum talatin suna dukan matansu, ɗana kaɗai aka sani!"

"To ita fa, Mama? Anti fa?"

Ta kawar da kai tana gyara mafici. "Ita ma ai kin taimake ta. Da tana da sirri, yanzu ba ta da shi."

Wannan maganar ta shige ni.

Wayata kuwa sai kuka take. Ioelu ne.

"Kin ga fuskar Baba?? Wallahi kin gama da su. Sun ce Juma'a za su zauna kan dokar."

"Ioelu, kowa ya gane ita ce."

"Na sani, ban ji daɗi ba. Amma ki duba mata nawa za a ceta."

Na daɗe ina kallon saƙon. Mutumin kirki ne, kada ku zage shi a ƙasan rubutun nan. Sai dai shi a ransa talatin ta fi ɗaya yawa, kuma ba shi ne zai haɗu da ɗayar a bakin famfo da safe ba.

Talata na fita sayen burodi, matan da suka jefa takarda suna hango ni suna sauya hanya. Tsohuwar nan da ta tambaye ni ranar saƙa ta tare ni a ƙofar kanti, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "'Yar Apia, ni a wane layi kika sa ni? In sani in shirya." Na sunkuyar da kai, na dawo ba burodin.

Laraba da yamma, bayan an buga ƙararrawar addu'a an tashi, Ioelu ya zo da kansa, da farar riga da baƙin zane irin na zuwa wurin manya. Ya zauna a bakin tabarma bai kalle ni ba, ya isar da saƙon mahaifinsa. Juma'a za a kira ni a tambaye ni abu ɗaya a gaban kowa: layin ƙarshen nan gaskiya ne ko kuskuren alƙalami? In kuskure ne, shi ke nan, an rufe maganar Peni, kuma Asabar mai zuwa danginsu za su zo gaishe da Mama.

"In kuma gaskiya ne?" na tambaya.

"To sai an hukunta Peni kafin a yi doka. Kuma Baba ya ce ba zai iya yanke wa gida hukunci ranar Juma'a ya zo neman 'yarsu ranar Asabar ba." Ya share gumi. "Hanya ce ya buɗe miki, Fetu."

"In na ce ɗaya kuskure ce, wa zai yarda da talatin da ɗayan?"

Ya miƙe yana gyara zanensa. Malamin lissafi ne, ya san amsar.

Yana fita Mama ta matso, har ta tsara mini kalmomin. "Ki ce idonki ne ya gauraya layi. Ke yarinya ce, za su yi dariya su yafe. Maimaita in ji." Allah ya sani, na maimaita. Sau biyu ma, don ta ce na farkon bai fito daga zuciya ba.

Duk kwanakin nan ban yi wa Sosefina magana ba. In ta shigo ta gaba, in fita ta baya. Abincin da ta dafa nake ci a ɗaki kamar ɓarauniya. Yau Alhamis da hantsi na ga ba zan iya ba, na bi ta ɗakin girki, rumfar kwano ce a bayan gida mai fuskantar hanyar gona. Tana zaune a kan kujerar kankare kwakwa, ta buɗe ƙafafu saboda cikin, farin garin yana zuba a roba. A gefenta akwai kwanuka uku a rufe da ganyen ayaba waɗanda ba na gidanmu ba.

Na durƙusa a gabanta, bayana ga hanya. "Anti..."

"Matsa kar ki taka ɓawo."

"Anti, ki yafe mini. Na rantse muku, kuma na..."

"Kin rantse," ta ce, ba ta daina kankara ba. "Shi ya sa na yi alamar. Na tsaya bayan labulen nan har ƙafata ta yi tsami. Na ce ai Fetu ce, ta yi karatu, ta san yadda ake ɓoye abu. Ashe ba ɓoyewa aka koya muku ba."

"An koya mana. Ni ce ban bi ba."

Sai a nan ta ɗago ta dube ni. Da ta zage ni da na ji sauƙi. Ta nuna kwanukan da haɓa.

"Kin ga waɗannan? Tun Talata nake tsintarsu a nan da sassafe. Kifi, ayaba, jiya har da kaza. Ba wadda ta bari na ga fuskarta. Shekara uku ina ƙauyen nan ba wanda ya taɓa aiko mini da ko gishiri." Ta yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Kada ki ɗauka godiya nake miki. Ba ki tambaye ni ba, Fetu. Kin ɗauki abina kin kai kasuwa ba ki tambaye ni ba."

Hawaye suka zubo mini, na ji haushin kaina, don ba ni ya kamata in yi kuka ba.

"Na ji Mama tana koya miki karatu jiya," ta ce. "Kin iya kuwa. To gobe me za ki ce?"

"Ban sani ba, Anti. In na ce gaskiya ne, ina tsoron abin da Yaya zai miki. In na ce kuskure ne..."

"In kin ce kuskure ne, ya dawo gida da hujja. Ba wanda ya taɓa ni, ƙauye ya shaida." Ta ajiye kwakwar ta goge hannu a zane. "Na gaji da ana amsawa a madadina. Ni zan zo in faɗa da bakina. Amma matar da aka auro ba ta da wurin zama a gaba, in na buɗe baki daga wajen tukwane za su ce ba su ji ba. Ke 'yar ƙauye ce, ginshiƙin mahaifinki na nan. Ki zaunar da ni a wurinki, ki zauna kusa da ni."

Ku da kuke yaba mini a nan kuna kirana jaruma, ku ji da kyau. Ba ita na fara tunawa ba, ba kuma abin da ke cikinta ba. Fuskar Baban Ioelu ce ta fara zuwa mini, da Asabar, da tabarmin da Mama ta kusa gamawa. Kuma ta ga haka a fuskata.

"To," na ce a ƙarshe, can ƙasan maƙoshi. "Ki zo."

"Ban ji ba."

"Na ce ki zo, Anti."

"Ranar Litinin har na bayan zaure sun ji ki. Ki faɗa da waccan muryar."

Na share fuska da bakin riga, na ja numfashi, na ɗaga murya har kajin da ke tsintar ɓawo suka watse. "Gobe ki zo ki zauna a wurina a gaban kowa! In an tambaye ni, zan ce gaskiya ne!"

Sai na ji an ajiye ƙarfe a kan dutse a bayana. Mama ta fito daga ɗaki a guje ba ko takalmi, ta tsaya cak, hannu a baki. Na juya. Yaya Peni ne tsaye a bakin rumfar da kwandon gwaza a kafaɗa, addarsa a ƙasa, ƙafafunsa duk jar lakar gona. Ba matarsa yake kallo ba, ni yake kallo.

Na ce a raina shi ke nan, bakin nan nawa ya sake jefa ta a wuta. Na waiwayo in ce mata ta tashi ta shige bayana.

Sosefina ko motsi ba ta yi ba. Ita ce ke fuskantar hanyar gona. Tun yana gangarowa daga tudu ta gan shi.